Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu raba lambobin yabo na fim da shugabannin gidajen talabijin na Bauchi da Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Masu wannan takarda ma'aikatan bayan kyamara ne mazauna Bauchi: masu ɗaukar hoto, masu tace fim, masu haɗa sauti da masu gyaran na'urori. Mun haɗa ku a takarda ɗaya, ku da kuke shirya bukukuwan karrama 'yan fim a Arewa da ku da makullan ɗakunan ajiyar kaset suke hannunku, saboda ciwon da muke kuka da shi guda ne, kuma kowannenku yana riƙe da rabin maganinsa.

Duk shekara, da an fitar da sunayen finafinan da suka shiga wata babbar gasa, sai Facebook ya cika da ƙorafin cewa an ware fim ɗin Hausa. Ƙorafin yana da tushe. A 2019 hukumar gasar Oscar ta Amurka ta cire Lionheart, fim na farko da Najeriya ta taɓa aikawa, saboda Turanci ya rinjayi maganar cikinsa, alhali rukunin finafinan ƙasashen waje yana son fiye da rabin maganar ta kasance da wani harshe. Wannan doka ƙofa ce ta buɗe wa harsunanmu, kuma sau biyu Hausa ta bi ta cikinta. A 2020 an aika The Milkmaid, wanda aka ɗauka a jihar Taraba, wanda ya ci kambun fim mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA ta shekarar, Maryam Booth kuma ta ci na mataimakiyar jaruma. A 2024 aka aika Mai Martaba da aka ɗauka a Daura. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga jerin finafinai 15 da ake tacewa kafin a fitar da biyar na ƙarshe. A gida kuma, gasar AMVCA ta tashar Africa Magic, da ta daɗe tana ware wa fim ɗin Hausa rukuninsa, a 2024 ta haɗe harsunan Afirka ta Yamma a rukuni ɗaya. Abin ya yi mana zafi, kuma muna roƙon duk mai faɗa a ji cikinku ya nemi a dawo da rukunin.

Sai dai akwai wariyar da ta riga wannan, kuma mu muka yi wa kanmu ita.

Wanda ya tashi a Wunti, Jahun ko Kobi a shekarun 1980, ko a Jekadafari da Bolari lokacin Gombe tana cikin jihar Bauchi, ya san yadda yamma take. Tasha ba ta buɗewa sai bayan la'asar. A fito da akwatin talabijin mai baƙi da fari tsakar gida ko ƙofar zaure, in babu wuta a jona batirin mota, a shimfiɗa tabarma, yaran unguwa su jeru, manya a baya kan benci, wani yana juya eriya har hoto ya daina yayyafi. A nan aka ga Samanja Mazan Fama yana tsawa da Hausar bariki, aka ga Kasimu Yero a Karambana da Magana Jari Ce daga Kaduna, aka ga Karkuzu daga Jos, aka ga Cock Crow at Dawn da ya mayar da noma abin sha'awa, aka ga Tales by Moonlight. Waɗannan mutane sun yi aiki da kyamara ɗaya ko biyu da fitilu masu zafi kamar garwashi, kuma daga hannunsu masana'antar nan ta koyi tafiya tun kafin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba na Cock Crow at Dawn a 2021, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023, Allah ya jiƙansu da rahama. Ranar rasuwar kowannensu an yi ta yaɗa hotuna. Amma yaron da ya ji labarinsu yau, ya nemi ya zauna ya kalli shirin daga kashi na farko zuwa na ƙarshe, abin da zai samu a intanet 'yan gutsattsari ne masu dishi-dishi da wani ya kwafa daga kaset ɗin gida. Haka shirye-shiryen da tashoshinmu na nan suka yi da kansu: wasannin kwaikwayo na ƙungiyoyin matasa, kacici-kacicin makarantu, filin yara, hawan sallah, kiɗan Jarawa da Sayawa da Tangale da Tera. Yawancinsu kwafi ɗaya tak aka taɓa yi.

A wancan zamani kaset yana da tsada, tashoshi da yawa a duniya, har BBC, suna goge tsohon shiri su ɗora sabo. Wanda aka goge ya tafi. Maganarmu a kan wanda ya rage ne, domin shi ma yana mutuwa a kan kanta, kuma ga yadda yake mutuwa.

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai riƙe hoto da sauti, aka manne shi da wani irin danƙo. Danƙon nan yana shan danshin iska. Shekara da shekaru yana sha, sai ya saki, ya koma mai yauƙi. In aka sa irin wannan kaset a na'ura, za a ji yana ƙara kamar kukan ɓera, hoto ya dushe cikin minti ɗaya ko biyu, garin ƙarfen ya kankare ya toshe kan na'urar, wato abin da ke karanta zaren. Abin da ya kankare ɗin shi ne shirin, kuma ba ya komawa. Yanayinmu kuwa ya haɗa duk abin da kaset ba ya so: zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40, danshin Agusta da ke kawo fumfuna, ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa tana karce zare. Kaset yana son ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 20 ba, danshin iska kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, kuma ya dawwama a haka. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da safe a kashe da yamma ta fi rashinta illa, domin zaren yana miƙewa yana tsukewa kullum, raɓa kuma tana kwanciya a kansa.

Saboda haka roƙonmu na farko, ranku ya daɗe, kada wanda ya ce bari ya gwada ya ga ko kaset ɗin yana yi. Gwajin nan shi ke kashe shi. A fara da ƙirga. Mutum biyu da rajista: lamba a jikin kowane kaset da kwalinsa, irinsa, abin da aka rubuta a kai, shekara in akwai, da halin da yake ciki. A duba ta tagar kaset: farin gari ko zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, a ware shi a leda daban, mai taɓa shi ya sa safar hannu da takunkumi. A jera sauran a tsaye kamar littattafai, a ɗaga su daga ƙasa saboda ruwa da gara, a nisanta su da lasifika da janareta da duk abin da ke da maganaɗisu. A ƙasan kaset ɗin U-matic, babban kaset ɗin da tashoshi suka yi aiki da shi, akwai wani ɗan jan maɓalli, a cire shi. A bayan VHS akwai ɗan harshe, a karya shi. Da wannan babu mai iya ɗora wani abu a kai bisa kuskure. Duk wannan aiki bai buƙaci kwangila ba.

Na biyu shi ne na'ura, kuma nan ne lokaci ya fi ƙure mana. U-matic, mai zare faɗin inci uku bisa huɗu, tun 1971 kamfanin Sony ya fito da shi, Betacam ya biyo a 1982, kuma duk an daina ƙera na'urorinsu. Ko ta VHS, kamfani na ƙarshe da ke yin ta ya tsaya a 2016. Duk tsohuwar na'urar da ke jibge a sito, ko ta mutu, kada a sayar wa 'yan gwangwan: daga matattu uku ake tayar da ɗaya. Abin da ya fi lalacewa roba ce, wato bel da ɗan gangan da ke matse zare, sai man da ya daskare a giya, sai ƙananan kafasito masu riƙe wutar lantarki da suka zubar da ruwa. Kan na'ura ana goge shi da sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 99 da ƙyallen fata mai laushi, a juya gangar da kan yake jikinta a hankali gefe zuwa gefe. Wanda ya goga sama da ƙasa, ko ya sa auduga, zai karya kan, kuma samun wani sai an sha wuya. A kuma lura U-matic iri-iri ne: kaset ɗin da aka ɗauka da babbar na'urar tasha, in aka sa shi a ƙaramar, hoto zai fito babu launi, mai aikin ya ɗauka shirin baƙi da fari ne ya kwafe shi haka. Tsofaffin injiniyoyin da suka yi ritaya sun san duk wannan da ka. A kira su, a biya su, a haɗa kowanne da matasa biyu.

Kaset mai yauƙi yana da magani na ɗan lokaci. Ana sa shi a tanda irin ta ɗakin gwaje-gwaje mai riƙe zafi daidai, digiri 50 zuwa 55, daga awa takwas zuwa kwana guda ko fiye gwargwadon lalacewarsa, a bar shi ya huce kwana ɗaya, sannan a kwafe shi cikin 'yan kwanaki kafin ya sake shan danshi. Tandar girki ba ta yi, zafinta yana hawa da sauka, za ta narkar da kwanson. Shanya a rana ma haka. Mai fumfuna kuwa sai an share shi tukuna.

Wajen kwafa zuwa kwamfuta ne aka fi yin asara ba a sani ba. Sau da yawa akan sayo ɗan abin jonawa mai araha, a matse shirin ya koma ƙaramin fayil irin na waya, a ce an adana, a zubar da kaset. Wannan kamar a kwafi littafi ne a tsallake kowane layi na uku. Hoto ya bi ta na'urar daidaita bugunsa, wadda ma'aikata ke kira TBC, in ba haka ba zai riƙa rawa, sauti kuma ya riga baki ko baki ya riga sauti. A ɗauke shi yadda yake a tsarin talabijin ɗinmu na PAL, ɗigo 720 a 576, hoto 25 a daƙiƙa, ba tare da an miƙe shi ya cika faffaɗan allo ba. Awa ɗaya da ba a matse ba tana cin kusan gigabait 100. Da tsarin matse fayil na FFV1, wanda ba ya zubar da komai, tana komawa kusan rabi. Kenan kaset dubu masu awa ɗaya za su ci wajen terabait 50. A yi kwafi uku, biyu a gini daban-daban, ɗaya a wani gari. Daga wannan uwar kwafin ake cire ƙaramin da za a sa a YouTube ko a haska wa yara. Kaset ba a yi masa gaggawa: mai awa ɗaya awa ɗaya zai ci, ban da shara da gyara, don haka mutum ɗaya da na'ura ɗaya in ya yi huɗu ko biyar a yini ya yi ƙoƙari. Kaset dubu aikin shekara guda ne. Kuma bayan an kwafa a ajiye kaset ɗin, kada a yar.

In wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu, ga Shaihu Umar. Littafin ɗan Bauchi ne, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Shekaru da yawa ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano asalinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Abin da ya cece shi kawai ba a zubar da gwangwanayen ba. Jos kuwa tafiyar awa biyu ce daga nan, can hukumar take, can makarantar koyon fim ta ƙasa take, kuma tun 2024 Ali Nuhu, ɗan wannan masana'anta, ke shugabantar hukumar. A rubuta musu takarda a nemi haɗin gwiwa. Muna kuma roƙon a nemi izinin haska Shaihu Umar a Bauchi, a gayyaci ɗaliban sakandare.

Yanzu gare ku, masu raba lambobin yabo.

Gasar da ake ci da ƙuri'ar waya ko yawan dannawa a intanet tana auna yawan mabiyan jarumi ne. Ba laifi a bar rukuni ɗaya na zaɓin 'yan kallo, a kira shi da sunansa. Sauran a ba alƙalai, bakwai ko tara don kada a yi kunnen doki, a sanar da sunayensu tun kafin a buɗe karɓar finafinai, a sa ranar buɗewa da ta rufewa, kuma kada a ɗaga ta don wani babba bai gama tacewa ba. Su kalli kowane fim daga farko har ƙarshe, a ɗaki ɗaya, allo ɗaya, lasifika ɗaya, domin wanda ya kalla a waya cikin mota ba zai ji ƙugin janareta a bayan magana ba. Kowa ya cika takardar maki shi kaɗai kafin a tattauna. Alƙalin da ke da hannu a wani fim, ko na ubangidansa ne ko na yaronsa, ya fita in an zo kansa. Wanda ya ba da kuɗin biki kada fim ɗinsa ya shiga gasar shekarar. Kuma a ɗebo alƙalan har daga Bauchi, Gombe, Jos, Sakkwato da Nijar, da malaman Hausa na jami'a, da mace fiye da ɗaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne rukunan da babu. Ana karrama jarumi, jaruma, mawaƙi, mai barkwanci, a tashi. Alhali abin da ke kayar da fim ɗinmu a waje tun a zagayen farko abu biyu ne da ba a taɓa tafa wa mai yin su: sauti da fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto.

Alƙali yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Makirufon da ke jikin kyamara ɗaki yake ɗauka, ba mutum ba. A sa na kan sanda, kamar rabin mita sama da kan mai magana, a ƙara na maƙalawa a riga in ana tafiya. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, bayan gini, a kashe fanka da firji. Kafin a tashi daga kowane wuri kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na iskar wurin, da ita mai tacewa zai cike giɓi, in babu ita duk inda aka yanka za a ji kamar an toshe kunne. A ajiye magana, kiɗa da sauran ƙararraki a layuka daban-daban. Wanda ya narka su wuri ɗaya ba zai iya gyara ba, ba kuma zai iya sayar wa tashar da ke son juya fim ɗin zuwa wani harshe ba. Kiɗan da aka tsinto daga fim ɗin Indiya ko na Turawa kuwa, shi kaɗai ya isa a cire fim daga gasa, domin za a nemi takardar mallaka.

Fassara ta fi ban takaici, saboda a nan ne marubuci ya yi gumi a banza. Alƙalin da ba ya jin Hausa abin da aka rubuta kawai yake gani. In jaruma ta ce cikinta ya ɗuri ruwa, aka fassara kalma da kalma, zai ɗauka ƙishirwa ta kashe. In uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, mai fassara ya rubuta sunan don sauƙi, ya goge kunyar da aka gina fitowar a kanta. "Ranka ya daɗe" da "Allah ya ba ka nasara" da "yallaɓai" ba matsayi ɗaya suke nunawa ba, amma sai a mayar da su kalma guda. Aikin mutum biyu ne, wanda Hausa ta zauna masa da wanda Turanci ya zauna masa, sai na uku da bai taɓa ganin fim ɗin ba ya kalla da sauti a kashe ya faɗi abin da ya fahimta. Layi kada ya wuce biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42, ya tsaya a allo daga daƙiƙa ɗaya zuwa shida ko bakwai. A ajiye fassarar a fayil nata daban, kada a ƙone ta a jikin hoto, don a iya gyara kuskure ko a ƙara Faransanci da Larabci. Waƙoƙi ma a fassara su. Ranar da kuka sa kambu da kuɗi a kan sauti, tacewa, fassara da sutura, furodusa zai fara ware musu kasafi.

A ƙara rukunin shirin yara. Yaranmu yau katun na waje da fassarar finafinan Indiya suke kallo a wayar iyayensu, da yawansu ba su san amsar "ga ta nan, ga ta nanku" ba. Ba su ƙi Gizo da Ƙoƙi ba, ba a kawo musu ba ne. Zango ɗaya na talabijin mako 13 ne. Kashi 13 masu minti 25, mai ba da tatsuniya ɗaya da ta iya baki, yara goma sha biyu daga makarantun firamare, kyamara biyu, makirufo mai kyau, ana ɗaukar kashi biyu a yini: aikin mako ɗaya ne da 'yan kwanaki. Tasha ta ba da fili tsakanin la'asar da magariba, ku kuma ku ba da kambu.

Tsofaffin da suka rage kuwa, a karrama su suna raye, kuma allon katako kaɗai ba ya sayen magani. A haɗa da kuɗi, a biya musu inshorar lafiya, a zauna da kowannensu awa biyu ko uku gaban kyamara ya faɗi wanda ya rubuta, wanda ya ɗauka, inda aka yi da shekarar da aka yi, domin kaset da yawa babu komai a jikinsu sai suna guda da biro. In an sa tsohon shiri a intanet ya kawo kuɗi, a rubuta kason 'yan wasan ko magadansu tun kafin a ɗora. A kuma yi shela ga jama'a: duk mai tsohon kaset ɗin VHS da ya naɗi shirin tasha a gida ya kawo aro, a kwafa a mayar masa da abinsa tare da kwafi. Wani shirin a ɗakin wata tsohuwa kaɗai ya rage.

Ranar 27 ga Oktoba ce UNESCO ta ware don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Muna roƙon kafin ta zagayo kowace tasha a Bauchi da Gombe ta fitar da adadin kaset ɗin da ke hannunta, iri-iri, da adadin na'urorin da ke motsi, kowane mai shirya gasa kuma ya wallafa dokokinsa da sunayen alƙalansa. In an buɗe ɗakunan, akwai masu gyara da masu tacewa a cikinmu da za su zo aikin ƙirgar ba tare da an biya su ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan bayan kyamara,
Bauchi.